Tumtum ɗin Baba a Birnin Pari

Tun da na dawo daga ƙasar Faransa bakina bai huta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna a rumfa a kewaye ni, har mai kawo mini fata daga majema sai ya sauke kaya ya ce, "Ilu, wai da gaske ne can rana ba ta fitowa?" Amma na san abin da ke cin kowa, ba rana ba ce kuma ba teku ba ne. So ake a ji abin da ya sa magidanci da gemunsa ya shigo Birnin Damagaram da rana tsaka sanye da farar riga mai ƙaton jan tabo a mazaunai, yana tafe yana taƙama. To, zan faɗe shi gaba ɗaya yau, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ni kuma in koma kan ɗinkina.

Mu dukawa ne tun kaka da kakanni, kuma duk Damagaram an san mahaifina, Malam Habu, da wani hali. Ranar da aka sayi aikinsa ba ta faranta masa rai kamar ranar da aka dawo da shi gyara. Sai ya karɓi tsohuwar jaka ko matashi ya yi ta juyawa a hannu, ya duba inda fatar ta yi duhu, inda ta yi sheƙi don shan hannu da gumi, ya ce, "Mai wannan bahago ne," ko "Wannan mai shi ya yi ƙiba bara." A wurinsa aiki bai kammala ba sai an more shi ya ci. Akwai wani attajiri a unguwar Zango da ya kulle jakar Baba cikin akwati don tsabar so, bayan shekaru ya kawo ta sabuwa fil yana jiran godiya. Baba ya yi damina guda bai gaishe shi ba. Cewa ya yi mutumin ya mayar masa da tuwo ba a taɓa ba.

Lokacin da gwamna ke zaune a nan, kafin a ɗauke shi zuwa Yamai, akwai wani Nasara mai zane-zane a bariki da muke kira Dogon Wuya. Kullum yana rumfarmu a tsugune yana kallon hannun Baba, har ya iya gaisuwa da ciniki. Shi ya sa Baba ya yi masa tumtum, irin babban nan da ake zama a kai. Jar fata ce da ta sha karan dafi, an zagaye ta da kore da baƙi, a tsakiya an zauna an fitar da dagi da siraran zaren fata. Baba ya zuba duk abin da ya sani a cikinsa, kuma yana gamawa yanar ido ta fara rufe masa gani. Shi ne babban aikinsa na ƙarshe, shi kaɗai ne kuma bai taɓa dawowa gyara ba. Maƙwabcinmu Gambo, baduku ne shi ma kuma abokin tsokanar Baba tun suna samari, kullum sai ya leƙo ya ce, "Habu, na ji labari karen Nasara ne ke kwana a kan tumtum ɗinka." Baba ya ce, "In kare ne ma, ai ya san daɗi." Yana faɗa yana dariya, amma ni na san abin yana ransa.

Sai ga kira daga buro, wato ofishin kumandan, wai za a yi wani babban taro a birnin Pari inda ake nuna sana'o'in ƙasashe, ana son masu aikin hannu daga Damagaram. Aka zaɓe ni, aka zaɓi Kalla maƙerin azurfa, mutum gajere mai baki kamar maroƙi, aka haɗa mu da Sarjan Mutari, tsohon soja da ya yi yaƙi a can, ya zama tafintanmu. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, na kai gaisuwar ban kwana gidajen da ban taɓa shiga ba. Da safen da za mu tashi Baba ya lalubo hannuna ya riƙe gam.

"Ka nemo mini tumtum ɗin nan," in ji shi. "Ban ce ka dawo da shi ba, nasa ne. Ka duba mini wa ke zama a kai, ka ga ta ina ya fi ci. Kuma abin da ka gani za ka faɗa mini, Ilu, ba abin da kake so in ji ba. Na san muryarka in kana ƙarya."

Na ce, "To, Baba," kamar wanda aka aika bayan gida, alhali ko girman Pari ban sani ba.

Da raƙuma muka nufi Kano. Kalla mutumin maƙera ne, bai taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo ba, raƙumi na miƙewa ya rungume tozo yana kiran sunan uwarsa. Matarsa ta ɗaura masa goran man shanu a gefen sirdi, kafin mu kai garin Dogo rana ta narkar da shi ya bi wandonsa, ƙudajen ƙasar gaba ɗaya suka yi mana rakiya. A Dogo manoma suka sauke mu da fura mai sanyi, suka yi ta tambayar Sarjan ko Nasara na noma gero. Da ya ce ba sa yi, wani dattijo ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Shi ya sa suka taso suka zo nan."

Iyaka kuwa ta ba ni kunya. Ni na ɗauka ganuwa zan gani da ƙofa, sai ga tulin duwatsu a bayan Magarya da wani mutum a gindin kuka da jar hula. Ya duba lasifase, wato takardar izinin wucewa da Sarjan ya miƙa masa, a juye, ya ce, "Kun shigo ƙasar Ingilishi." Kalla ya sauka ya sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya ce shi bai ji wani bambanci a tafin ƙafarsa ba. Ashe ma mai jar hular surukin wani ne a unguwarmu, muka ɓata hantsi guda muna ba shi labarin gida.

A Kano muka sauka wurin wani fatoma a Fagge. Da suka ji daga Damagaram muke sai tsokana ta tashi, wai a ɓoye awaki ga jikokin mahara sun zo. Kalla ya ce su kwantar da hankalinsu, wannan karon wucewa za mu yi. Nan na fara ganin jirgin ƙasa. Jama'a, ƙarfe ne ke tari yana fitar da hayaƙi yana jan ɗakuna a bayansa. Na leƙa kai ta taga don in ga itatuwa na gudu, garwashi ya faɗa mini a ido, na yi rabin hanya da ido ɗaya. Salla ce ta fi ba mu wuya, don kana kabbara gabas na gabanka, kafin ka yi ruku'u jirgin ya juya ya mayar da ita bayanka. Sarjan ya ce mu yi niyya kawai, Allah ya san ba mu ke tuƙi ba.

Jirgin ya sauke mu a Ikko, gari ne da iskarsa ke manne wa mutum a jiki. Aka kawo mana teba da miyar manja, barkonon cikinta ya sa Kalla hawaye yana ci yana cewa a ƙaro. Daga nan sai bato, wato jirgin teku. Tun daga Magarya Sarjan ke cika mana baki cewa za mu yi amai mu ba shi kunya, shi kam teku ta san shi. Ko ƙasa ba ta ɓace mana ba ya riga kowa rataya a jikin ƙarfe, ni da Kalla muka riƙe masa hula muna yi masa sannu da ƙarfi don kowa ya ji. Ni ruwan bai taɓa ni ba sam. Ina zaune a waje yini guda ina dariya ni kaɗai, wai ni ne, Ilu ɗan Habu, a kan ruwan da ba shi da gaɓa. Wani mai dafa abinci mutumin Senegal ya riƙe mu kamar ƴan uwansa, shi ke nuna mana gabas, yana kuma ware mana wake da burodi daga tukunyar da ba a sa alade ba.

Muka sauka a Marsai, wani jirgin ƙasan ya kwashe mu zuwa Pari. An ba mu masauki a gidan wata gwauruwa mai jiki da muke kira Inna Madam. Gida ne a kan gida a kan gida, kafin ka kai ɗakinka ka manta abin da ya kawo ka. Gadon na ƙarfe ne, ko numfashi ka yi sai ya amsa, don haka muka sauke katifu ƙasa. Inna Madam ta shigo ta gan mu ta ɗaga hannu sama tana surutu, washegari ta mayar da su, mu kuma muka sake saukewa, haka muka yi ta yi har muka rabu. Abinci kowa da kwanonsa, kamar gidan da aka yi faɗa. Ranar da ta kawo mana irin cukunsu, warin na bugun hancina sai na ji ƙwalla, don sak warin majema ne da hantsi. Na cinye nawa da na Kalla don kewar gida, ita kuwa ta ɗauka daɗi ya kama ni, daga ranar kullum sai ta ƙara mini.

Mutanen Pari ba sa gaisawa a hanya. Kalla bai yarda ba, ya ce ba a fara musu ba ne, ya tsaya a bakin titi yana yi wa kowa barka da hantsi har muryarsa ta dishe. Mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ma hanya yake tambaya. Karnuka kuwa na ga an sa musu riga ana yawo da su, na ga wani a kan cinyar wata mata tana ba shi abinci a baki. Na ce a raina in dai irin waɗannan ne, maganar Gambo ba zagi ba ce.

A wurin taron an gina mana wata bukka da siminti an shafa mata jar ƙasa wai ta yi kama da gida. Muna zaune muna aiki, jama'a na wucewa suna kallonmu yadda suke kallon kayan. Da farko abin ya sosa mini rai ƙwarai, na ji kamar in tattara basillata in tafi. Kalla ne ya samo magani, ya ce ai mu ma kallo muka zo. Duk wanda ya tsaya sai ya yi masa murmushi ya ce mini da Hausa, "Dubi hancin wannan, zai yi zugazugi." Haka muka riƙa yini cikin dariya, su kuma suna cewa mutanen Damagaram akwai fara'a. Amma tumtum shiru. Na tambayi Sarjan ta ina za mu fara, ya nuna mini rufin gidaje har iyakar gani ya ce in zaɓi ƙofar da zan fara bugawa. Na soma shirya yadda zan koma in ce wa Baba ban samu ba, kuma abin ya hana ni jin daɗin abinci.

Wata rana ina sunkuye ina ɗinki na ji an ce a kaina, "Lale, lale, Damagaram! Ina Malam Habu?" Na ɗaga ido, sai ga wuya. Gashin kan ya tafi, amma wuyan na nan yadda na san shi. Dogon Wuya ne, ya ji an kawo mutanen Damagaram ya zo nema. Na miƙe na riƙe hannunsa da hannu biyu na ƙi saki, ko gama gaisuwa ban yi ba na tambaye shi tumtum. Ya buga ƙirji ya ce yana nan, yana muze. Yanzu shi babban mai tsara kayan ɗaki ne, kuma ya shirya ɗaki guda sukutum saboda tumtum ɗin. Na tambayi Sarjan mene ne muze, ya ce wani ƙaton gida ne da ake kai abin da ya fi kowane kyau a gari. Na ce shi ke nan, gidan wani babban mutum ne, aikin Baba ya samu mazauni na ƙwarai. Na koma masauki ina tafe ina tsalle a kan matakala har Inna Madam ta leƙo.

Ranar zuwa na fito da farar rigata ta salla, wadda mai ɗakina ta sa aka buge ta naɗe mini tun daga gida. Muna fita ruwa ya sauko, irin nasu marar tsawa marar ƙarewa, kafin mu isa na jiƙe har wando. A ƙofar muze Kalla ya tuɓe takalmi kamar yadda ɗan mutunci zai yi a gidan manya, aka ce ya mayar, ya ƙi, ya saƙale su a hamata.

Kun san jeren amarya, yadda ake shirya tasoshi da ƙore a bango mata su zo ganin ɗaki? To, haka gidan yake, sai dai ɗaki na bin ɗaki ba iyaka. Kalla ya yi ta waige-waige, can ya ja hannun Sarjan ya ce, "Wai ina amaryar?" Ga butocin shayi na azurfa ba shayi, ga agogo, ga fitilu, ga wani tulun gilashi da na rantse ruwa ne aka ce masa tsaya ya tsaya. A bango an rataya zane-zanen masu zanen wannan zamani. Akwai wani da ba komai cikinsa sai murabba'ai ja da shuɗi da rawaya, mutane sun tsaya gabansa sun riƙe haɓa. Kalla ya ce wannan gonakin garin Hamdara ne in ka hau dutse, ni na ce zanen tsohuwa ne da ya sha faci, muka yi ta musu har aka ce mana shit, wato mu rufe baki. Amma in faɗi gaskiya, na juya zan tafi sai na sake komowa, don mutumin ya san inda ake ajiye ja kusa da shuɗi. Sai wata kujera ta bututun ƙarfe da ba ta da ƙafafun baya, tana tsaye abinta. Kalla ya kwanta rub da ciki a ƙasa yana neman inda aka haɗa ƙarfen, ya rasa, ya tashi yana tafa hannu yana cewa, "Kai, wanda ya yi wannan a gaishe shi, maƙeri ne!" Kanmu ya yi ta juyawa don daɗi, muna ta nuna wa juna abu kamar ƙauyawa a kasuwar birni.

Sai Dogon Wuya ya tsaya a bakin wani ɗaki da aka gitta wa jar igiya mai laushi, ya miƙa hannu. Kayan ɗakin duk na baƙin katako ne mai sheƙi, an ja su gefe, a tsakiya kuma ƙarƙashin fitila ga tumtum ɗin Baba. Ban san lokacin da na ce "Baba!" da ƙarfi ba. Hawaye suka zubo mini. Ga mata da manyan huluna sun tsaya suna kallo, ga wani saurayi na kwafar dagin a takarda, wani dattijo har ya cire hularsa. Na ji kamar in kama kowa in ce masa a rumfarmu aka yi, ni na riƙe fatar ana yanka.

Da na share ido na sake dubawa irin duban da Baba ya aiko ni in yi, sai murnar ta fara zurarewa. Babu lotsawa ko kaɗan. Babu duhu a gefe inda hannu ke dafawa, babu sheƙi a sama. Yana nan cif yadda ya fita daga rumfarmu. Na kira Dogon Wuya yadda ake kiran Nasara da Faransanci na ce, "Mushe, wa ke zama a kai?"

Ya yi dariyar jin daɗi ya amsa da Hausarsa, "Babu kowa! Ko ni, ko sau ɗaya. Ka gaya wa Malam Habu."

Na tuna attajirin Zango da jakarsa. Wannan kuwa ba jaka ba ce, idon Baba ne gaba ɗaya, kuma ga shi an ce in je in faɗa masa da bakina cewa tuwon na nan ba a taɓa ba. Ƙarya ba za ta yiwu ba, ya san muryata.

Ana haka wata mata ta kira Dogon Wuya ya matsa gefe. Gardin ɗakin, wato mai gadinsa, wani tsoho mai gashin baki, ya hangi lambar yaƙi a ƙirjin Sarjan, ashe a fage ɗaya suka sha wuya, suka rungume juna suka shiga labari. Kalla ya dube ni, ya dubi igiyar, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan baduku, me kake jira? Sai an kawo maka goron gayyata?"

Na tuɓe takalmina, na tsallaka igiya, na tattare riga, na yi bisimilla na zauna.

Wayyo daɗi! Fatar ta yi ƙara a hankali, audugar rimin da ke ciki ta saki numfashin da ta riƙe shekara da shekaru, tumtum ya karɓe ni. Na gyara zama, na karkata hagu, na karkata dama, na dafa gefensa da tafin hannuna na murza sosai. Wata mata ta yi ƙara. Usur ya tashi. Gardi ya taho da gudu, sai ya ci karo da Kalla a bakin igiya ya baza riga, takalmi a hamata, ya kama hannunsa yana girgizawa. "Ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya ruwan nan? Yaya ƙafa? To madalla. Ina labari?" Duk ta inda gardi ya zagaya Kalla na gabansa da sabuwar gaisuwa. Ni kuwa ina zaune ina dariya hawaye na zuba, har wasu gardawa biyu suka zo suka ɗaga ni ta hamata kamar buhun gero.

A buron mai kula da gidan Sarjan ya yi gumi duk da sanyin nan, yana fassara yana harararmu. Fuskar Dogon Wuya ta yi ja har wuya, wanda ba ƙaramin wuri ba ne. Ya ce, "Ilu, don me?" Na gaya masa halin Baba, da idonsa, da saƙon da ya ba ni. Ya ce a ƙasarsu abin da suka fi girmamawa shi ne ba sa taɓawa, don jikoki su zo su gani. Ya ce in aka bar duk mai shigowa ya zauna, kafin wata ya ƙare babu sauran tumtum. Na duba maganar na ga gaskiya ce. Na dai ce masa a wurinmu wanda ka girmama shi kake ci wa tuwo. Sai ya miƙe ya ce mu je mu duba. Muka koma tare muka leƙa, yana ta bubbuga tumtum don ya tashi, amma gefe ɗaya ya ƙi komawa daidai, kuma saman ya yi ɗan duhu inda jiƙaƙƙiyar rigata ta zauna. Ya daɗe yana kallo, ya yi ajiyar zuciya, ya ce kada in sake taka muze, sannan ya ba ni hannu ya ce in gaishe da Malam Habu da kyau.

Muna fitowa titi na ji Kalla ya fashe da dariya a bayana har yana durƙusawa. Na jawo bayan rigata na duba. Karan dafi in bai sha hannu ba yana nan da ƙarfinsa, da ya ji danshi sai ya saki. Ga jan da'ira ƙato a farar riga, kuma a tsakiyarsa ga dagin Baba ya fito sarai, layi bayan layi. A masauki Inna Madam na gani ta kama rigar za ta kai wanki, na kama, ta ja, na ja, tana faɗa da Faransanci ina roƙo da Hausa, har Sarjan ya raba mu. Na shanya ta da kaina, na naɗe na sa a ƙasan jaka.

Dawowa ba ta da labari, hanyar ce dai a juye, sai dai wannan karon ni ne ban samu sukuni ba. Da muka hango duwatsun gari na sauka daga raƙumi na fito da rigar na sa. Abin da kuka gani ke nan kuna nuna ni da baki.

Na tarar da Baba a zaure a kan buzunsa, Gambo na gefe. Bai bari na gama gaisuwa ba.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Baba. Yana wani gida da ya fi bariki girma, an kunna masa fitila shi kaɗai, manyan mutane na cire hula a gabansa."

"Ban tambaye ka fitila ba. Wa ke zama a kai?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Na same shi yadda ya bar hannunka."

Hannunsa da ke kan gwiwata ya zame ya faɗi. Ko Gambo bai yi dariya ba. Baba ya juya fuska wajen bango ya ce a hankali, "Ashe a banza na ƙarar da idona." Tunda nake ban taɓa jin abu ya soke ni kamar wannan maganar ba.

Na ce, "Haka na same shi, amma ba haka na baro shi ba. Mutum ɗaya ya zauna."

"Wa?"

Na juya masa baya na durƙusa, na kama hannunsa na ɗora a kan tabon. Ya shafa, ya ji inda yadin ya yi tauri, ya jawo shi zuwa hancinsa ya shaƙa. Gambo ya matso ya sunkuya ya duba sosai, sannan ya ce, "Wallahi Habu, dagin ka ne. Ga shi nan har ƙananan ƙulle-ƙullen nan da na ce ba za su yiwu ba." Na ba su labarin igiya da usur da gaisuwar Kalla, Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin gemunsa, bai kuma saki rigar ba.

"Da daɗi?" in ji shi.

"Ban taɓa zama a kan irinsa ba, Baba."

"Ta ina ya lotsa?"

"Ta hagu."

"Na sani. Tun kana ƙarami a karkace kake zama." Ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida ya ce, "Kada wanda ya kuskura ya sa wa rigar nan ruwa!"

A nan na tuɓe masa ita, kuma ban sake sa ta ba. Masu cewa in fito da ita su gani, ku zo rumfa da hantsi. Kullum Baba na ninke ta, tabon a sama, ya shimfiɗa a kan buzunsa ya zauna. Jiya da zai tashi na ga ya shafa tsakiyar dagin da tafin hannu, inda jan ya soma duhu, ya kira Gambo ya ce ya zo ya taɓa, ta fara ci.